Hitar da aka kashe a hawa na huɗu: nazarin ɓullar cutar Lijiyonela a wani ƙaramin asibiti a Makka

Asibitin da wannan nazari ya shafa ƙarami ne, mai zaman kansa, bene mai hawa huɗu a ɓangaren Makka da Hausawa suka yi yawa, tsakanin Shari'ul Mansur da Hindawiyya. Lijiyonela ƙwayar cuta ce da ke hayayyafa a ruwa mai ɗumi, tana kawo nimoniya, wato ciwon huhu mai tsanani. Lamarin misali ne na koyarwa. An haɗa shi daga kurakuran da aka saba tararwa a irin waɗannan gine-gine, don haka alƙaluman awon da aka yi a cikin ginin na misalin ne. Ƙa'idojin zafi, na kulorin da na magani kuwa su ne ainihin waɗanda ake aiki da su.

Sai an san hanyar da ruwa ke bi kafin a gane abin da ya faru. Yawancin ruwan famfon Makka daga teku yake. Ana cire masa gishiri a tashoshin Shu'aiba da ke gaɓar Bahar Maliya, kudu da Jidda, a turo shi ta manyan bututu. Idan ya iso ginin, tankin ƙarƙashin ƙasa yake fara shiga, ranar da ya yi ƙaranci kuma a kira wayit, wato motar tankin ruwa, ta cika. Daga nan dinamo, injin tura ruwa, ya haura da shi kan rufi, inda akwai tankuna biyu, kowanne lita 10,000, su kuma su sauko da shi hawa-hawa. Kowane banɗakin majinyata yana da famfon wanke hannu, da shawa, da shaɗɗaf, wato ƙaramin tiyon feshi na tsarki, da hita mai cin lita 50 a maƙale a bango.

Hawa na huɗu na lokacin cunkoso ne. Ana buɗe shi da azumi, a rufe bayan ƙaramar salla, a sake buɗewa idan alhazai sun fara sauka. A wannan shekarar an kulle shi a makon farko na Shawwal, aka buɗe a tsakiyar Zulƙida. Kusan mako shida ke nan ba a murɗa famfo ko ɗaya a can ba. Ranar buɗewa an share, an goge, an canza zannuwan gado, an gwada na'urar sanyaya ɗaki da bututun oksijin. Ruwa kuwa an murɗa an ga yana zuwa, aka ce lafiya lau.

Majinyata biyu

Na farko dattijo ne ɗan shekara 68, mazaunin Makka, mai ciwon sukari, ya daɗe yana shan sigari kafin ya bari. Gyambon ƙafa ya kwantar da shi. Ya yi kwana biyar a hawa na biyu, da aka buɗe na huɗu aka mayar da shi can. Bayan kwana bakwai zazzaɓi ya rufe shi, ma'auni ya kai digiri 39.8, ga ciwon kai, ga ciwon jiki, ga busasshen tari. Washegari gudawa ta biyo baya, da dare ya fara sambatu har bai gane ɗansa ba. Hoton ƙirji ya nuna nimoniya a ƙasan huhun dama, gwajin jini kuma ya nuna gishirin sodiyam ya faɗi.

A Saudiyya, likita ya ga nimoniya mai tsanani a kwance a asibiti, hankalinsa kan cutar numfashi ta MERS yake fara zuwa, wadda aka fara ganowa a 2012 a jikin wani majinyaci a Jidda. Haka aka yi. Aka killace dattijon, aka gwada MERS, da mura mai tsanani, da korona, da tarin fuka, ba a sami ko ɗaya ba. Aka ɗora shi kan allurar seftiriyakson, kwana uku babu sauƙi. Wannan rashin jin maganin shi kansa alama ce. Ƙwayar Lijiyonela cikin ƙwayoyin garkuwar huhu take shigewa ta hayayyafa, su kuwa magungunan dangin fenisilin da seftiriyakson ba sa isa gare ta a can. Waɗanda ke isa su ne lebofuloksasin da azitiromaisin.

Ana cikin haka sai wata mata 'yar shekara 59, ɗaki biyu tsakaninta da dattijon, ta kama zazzaɓi ita ma. Tana da daɗaɗɗen ciwon huhu, tana shan maganin sitirod mai rage ƙarfin garkuwar jiki, tana kan oksijin dare da rana. Ba ta taɓa shiga shawa ba tunda aka kwantar da ita, 'yarta ce ke yi mata wanka a gado. Nan ne aka tura fitsarin su biyun gwajin Lijiyonela, wanda sakamakonsa ke fitowa cikin kamar minti 15. Duka biyun suka nuna akwai. Aka canza magani a ranar, aka kuma ɗauki majinar ƙirjinsu don a shuka, wato a raini ƙwayar a ɗakin gwaji har ta tsiro, domin gwajin fitsari rukuni na ɗaya kawai yake kamawa daga cikin rukunan ƙwayar, kuma ba ya ba da ƙwayar da za a kwatanta da ta cikin ruwa.

Cutar tana ɗaukar kwana 2 zuwa 10 kafin ta bayyana, wani lokaci har 14. Dattijon ya yi kwana 12 a jere bai taka waje ba, don haka kusan tabbas cikin ginin ya ɗauko ta. A ƙa'ida, majinyaci ɗaya irin wannan ya isa a fara binciken ruwan asibiti, ba sai an jira na biyu ba. Dalili kuwa a fili yake: a cikin gari kusan mutum ɗaya cikin goma da suka kamu ke rasuwa, amma idan a asibiti aka kamu, abin yakan kai ɗaya cikin huɗu, saboda waɗanda take tararwa dama can masu rauni ne.

Ba daga mutum zuwa mutum take yaɗuwa ba. Shaƙar feshin ruwa mai ɗauke da ita ne, ko ƙwarewa da ruwan ya faɗa huhu. An san ta ne bayan taron tsofaffin sojojin Amurka a wani otal a Filadelfiya a 1976, inda mutum 221 suka kamu, 34 suka rasu, sai a farkon 1977 Joseph McDade ya gano ƙwayar.

Abin da ma'auni ya nuna

Mutum uku suka zaga ginin: ma'aikaciyar jinya mai kula da hana yaɗuwar cuta, da sabbak ɗin asibitin, wato mai gyaran famfo, da ma'aikacin ɗakin gwaji. Kayan aikinsu ba su da yawa: ma'aunin zafi mai tsinke, akwatin gwajin kulorin, tocila, kwalaben samfuri, da zanen bututun ginin, wanda daga baya aka ga bai dace da abin da ke cikin bango ba.

Tankin ƙasa digiri 31, kulorin miligiram 0.3 a lita. Kulorin ɗin ba laifi. A kan rufi da ƙarfe biyu na rana, tanki na farko digiri 41, kulorin 0.1. Na biyu digiri 43, kulorin babu ko alama. Da aka duba haɗin sai aka ga bututun shiga da na fita duk a jikin na farko suke, na biyu da bututu ɗaya tak aka haɗa shi ta ƙasa. Wato ruwa yana shiga na farko ya fita, na biyu yana zaune da tsohon ruwa, yana ɗan tsarto wa ɗan'uwansa kaɗan-kaɗan. Murfinsa ya tsage, kafar shan iskarsa babu raga, ƙasansa laka ce mai kaurin yatsa biyu. A hawa na huɗu, famfon sanyi bayan an bar shi yana zuba minti biyu ya tsaya a digiri 38, kulorin sifili.

Ga yadda ƙwayar take da zafi. Ƙasa da digiri 20 tana kwance ba ta ƙaruwa. Daga 20 zuwa 45 tana hayayyafa, ta fi jin daɗi a wajen 35 zuwa 37. A 50 tana mutuwa a hankali cikin awanni, a 60 cikin mintuna, a 70 nan take. Saboda haka littattafan ƙa'ida na Turai suke cewa a riƙe ruwan sanyi ƙasa da 20, a ajiye na zafi a 60, ya iso famfo a 50, a asibiti 55. Rabin farko na wannan ƙa'idar ba ya yiwuwa a Makka da bazara sai da injin sanyaya ruwa. Garin da aka auna digiri 51.8 a Harami lokacin aikin Hajjin 2024, ba a tankin rufinsa za a sami ruwa mai digiri 20 ba. Asibitin da ya kwafo takardar awo ta Turai ya manna a bango, ya ce a dinga cikewa, ƙarya kawai yake koya wa ma'aikatansa rubutawa. A nan ruwan da ake kira na sanyi shi ne ke zaune daidai inda ƙwayar take so, wata da watanni.

Sai hita, inda babbar matsalar take. Duk wanda ya zauna a Makka ko Jidda ya san dabarar: da zafi ya shigo ana kashe hita. Ruwan rufi ya riga ya yi zafin da ba ya taɓuwa da azahar, ita kuwa hitar tana cikin gini, a inuwa, kusa da sanyin ɗaki, ruwan cikinta yana hucewa. Sai famfon zafi ya koma shi ne mai ba da ruwa mai daɗin wanka. A gida dabara ce mai kyau a idon kowa, ga ragin kuɗin wuta. Ma'aikatan asibitin da kyakkyawar niyya suka yi haka, don kada majinyata su ƙone. An kashe hitocin hawa na huɗu duka ranar da aka rufe shi, da aka buɗe kuma ba a kunna ba. Ma'auni ya nuna digiri 33 a ta ɗakin dattijon. Lita 50 na ruwa marar kulorin, mai ɗumin jikin mutum, a kan tsatsa da farar ƙasar da suka taru a gindin tukunyar, mako shida ba motsi. Da sabbak ya kwance ta, ruwan farko da ya fito ja ne, cikin tukunyar kuma akwai yauƙi irin wanda ake ji a randar da aka daɗe ba a wanke ba.

Wannan yauƙin shi ne gidan ƙwayar. Ba yawo take a cikin ruwa ita kaɗai ba. Tana zaune cikin shimfiɗar da wasu ƙwayoyi suka yi a bangon bututu, tana shiga cikin amiba, wata ƙanƙanuwar halittar ruwa da ido ba ya gani, ta hayayyafa, amibar ta fashe ta sake su. Kulorin ɗin da ke kashe ƙwayar da ke yawo ba ya ratsa shimfiɗar da sauƙi, ba ya kuma kashe amibar da ta dunƙule. Shi ya sa zuba magani a tankin da ba a kankare ba ɓarnar kuɗi ce.

Sauran abubuwan da aka tarar: kan shawa ya toshe rabi da farar ƙasa, tiyon shaɗɗaf na roba ne baƙi ƙirin a ciki, ragar bakin famfo ta cika da datti. Shaɗɗaf ba a cika ambatonsa a ƙa'idojin waje ba, amma feshinsa siriri ne, a ƙaramin banɗaki rufaffe, kuma mai gudawa ko mai ciwon sukari yana amfani da shi sau da yawa a yini fiye da shawa. An kuma gano wani ɗaki a ƙarshen baranda da aka mayar sito shekarun baya. An cire famfonsa aka toshe bakin bututun, aka bar kusan mita shida na makahon bututu a bango. Bututun rabin inci yana riƙe kamar lita ɗaya a kowace mita biyar. Ruwan ba shi da yawa, amma bai taɓa fita ba, kuma a haɗe yake da layin da ke ba ɗakuna biyu.

Matar da ba ta shiga shawa ba fa? Kwalbar da oksijin ke ratsawa don ya jiƙe kafin ya shiga hanci ita ce hanyarta. Da dare ruwan kwalbar ya ragu, 'yarta ba ta so ta tashi ma'aikaciya, sai ta cika daga famfon banɗaki. Ta yi haka sau da dama. Kumfar kwalbar kuwa kai tsaye huhu take aika feshi.

Iyalan majinyata da wasu ma'aikata sun fi zargin na'urar sanyaya ɗaki. Wadda ake maƙalawa a bango ko a taga ba ta fesa ruwa, ba ita ba ce. Masu haɗari su ne hasumiyar sanyaya ruwa ta manyan gine-gine, da na'urar sanyi mai aiki da ruwa da ciyawa idan aka bar ruwa ya kwana a tirenta, da fankar feshi da ake sawa a ƙofar shiga, da maɓuɓɓugar ado. Wannan asibitin ba shi da hasumiya. Fankar feshin ƙofa daga tankin rufi take sha, aka kashe ta.

Ranar farko

Ba a taɓa tanki ba sai da aka ɗauki samfuri. Wannan jerin yana da muhimmanci, domin shugabannin asibiti sukan so a zuba kulorin nan take, idan aka yi haka kuma an goge shaidar da za ta nuna inda cutar take. Kwalba ta lita ɗaya ce, tsarkakakkiya, da sinadarin tayosalfet a ciki don ya kashe ragowar kulorin. A kowane famfo ana ɗaukar biyu: ruwan farko da ya fito ba tare da an zubar da komai ba, wanda ke nuna halin famfon, sai na biyu bayan an cire kan, an tsaftace bakin, an bar ruwa ya zuba, wanda ke nuna halin layin. Ana goge cikin tiyo da auduga mai tsinke. A rubuta ɗaki, lokaci, zafi da kulorin a jikin kowace kwalba, a kai ɗakin gwaji cikin awa 24, ba a daskarar ba, ba a kuma bari a bayan mota a rana ba. Shuka tana ɗaukar har kwana 10, saboda ƙwayar a hankali take tsirowa, kuma sai a kan abinci na musamman mai gawayi.

Ba a jira sakamako ba. An hana shawa da shaɗɗaf a hawa na huɗu, aka koma buta da wankan gado. An ɗaura matata mai ramin maikiron 0.2 a famfunan da ba makawa sai an yi amfani da su. An kashe injin ƙanƙara. An sauko da masu raunin garkuwa zuwa ɗakunan da aka sa wa matata. An sanar da hukumar lafiya kamar yadda doka ta tanada, an kira waɗanda aka sallama daga hawan cikin mako biyu a ji lafiyarsu, an kuma koma fayilolin watannin baya ana neman nimoniyar da ba a gano sababinta ba.

Kwalaben oksijin da na'urar shaƙar magani, ruwan da aka tsarkake na asibiti kaɗai. Nan sai da aka yi wa masu jinya bayani ɗaya bayan ɗaya, da harshen da suke ji. Wata dattijuwa ta ce, "To 'yata, in na zuba zamzam fa? Ai ya fi kowane ruwa." Ma'aikaciyar ta ce, "Hajiya, zamzam ki ba ta ta sha, ki shafa mata. Amma wannan kwalbar huhu take kai ruwa, ba ciki ba. Jarkar da aka ɗebo shi da kofin da aka zuba ba tsarkakakku ba ne irin na asibiti. Ko ruwan roba ba ma sawa. In ya ragu ki danna ƙararrawa, ko ƙarfe uku na dare ne."

Da sakamako ya fito, shawar ɗakin dattijon da hitarsa sun haura gungun ƙwaya 10,000 a lita, tanki na biyu da kwalbar oksijin ɗin matar ma an samu. Ma'aunin da aka saba aiki da shi shi ne: sama da 100 a lita a sake duba tsarin, sama da 1,000 a ɗauki mataki nan take. A ɗakin masu raunin garkuwa kuwa ko kaɗan aka gani ba a yarda.

Wanke layin

An fara da ware sashen wankin ƙoda da duk na'urar da ke shan ruwan layin. Kulorin mai yawa idan ya isa injin wankin ƙoda yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, yana iya kisa. Wannan mataki ba a barinsa ga sabbak shi kaɗai, sai shugaban sashen ya sa hannu.

Aka zubar da ruwan tankunan, aka kwashe laka, aka goge bango da burushi. Ba a amfani da injin feshi mai ƙarfi, don shi ne zai tayar da ƙwayar zuwa hancin mai aikin. Mai shiga tanki yana sa takunkumi mai matsewa, wani kuma yana tsaye a bakin murfi, ba a shiga mutum ɗaya.

Sai kulorin mai ƙarfi: miligiram 50 a lita, na aƙalla awa ɗaya, a kowane lungu na layin. Lissafin lita 20,000 shi ne giram 1,000 na kulorin zalla. Idan garin kulorin ne mai ƙarfin kashi 65, kilo ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya ke nan. Idan na ruwa ne mai kashi 12, lita takwas da wani abu. Na ruwa yana rasa ƙarfi idan ya daɗe a sito mai zafi, don haka lissafi ba ya wadatarwa, sai an auna a tanki. A auna tsamin ruwan ma, domin idan ma'aunin pH ya haura 8, kulorin yana yin rauni sosai, sai an ƙara lokaci. Daga nan a bi famfo-famfo daga na kusa zuwa na nesa, a buɗe har takardar gwaji ta nuna 50, a rufe, a manna gargaɗi da Larabci da Hausa da duk harshen da masu jinya ke karantawa. Bayan awa ɗaya a sake aunawa a famfo mafi nisa. Idan ya faɗi sosai, datti ya cinye shi, sai an maimaita. A ƙarshe a kashe kulorin ɗin tanki da tayosalfet kafin a zubar, a wanke layin har ya dawo daidai da na ruwan sha.

Hitoci an kwance su, an kankare, waɗanda tsatsa ta ci aka canza. An kunna su har ruwan ya kai 60, aka bar shi awa ɗaya, sannan aka zuba ta kowane famfo minti biyar. Akwai tarko a nan: shawa mai zubar da lita takwas a minti za ta kwashe lita 40 cikin minti biyar, ruwan hitar lita 50 zai huce kafin lokaci ya cika. Sai an rage zubar ta zama siririya, ma'auni yana cikin ruwan. Maɓallin hita kuma ba abin dogaro ba ne, yawanci ba lamba a jikinsa sai ɗigo-ɗigo. Kawunan shawa, tiyo da ragar famfo an zubar da su aka sa sababbi.

Ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin daƙiƙu, mai ciwon sukari da ƙafarsa ta mutu ba zai ma ji ba. Maganin wannan ba rage hita ba ne. Bawul ne mai gauraya zafi da sanyi, a saita shi a wajen digiri 41, a ɗaura shi dab da famfo, kada ya wuce mita biyu, don guntun bututun da ke bayansa shi ma ɗumi ne da shi.

Samfurin da aka ɗauka bayan mako ɗaya ya fito da kyau. Na bayan wata ɗaya kuwa ya nuna ƙwayar ta dawo a ɗakuna biyu na ƙarshen baranda. An san da makahon bututun, amma fasa bango yana buƙatar izini da kuɗi, aka ɗaga shi zuwa bayan Hajji. Ruwan kulorin bai shiga cikinsa ba tunda ba shi da mafita, shi ne ya sake shuka layin. Sai da aka fasa aka yanke shi daga gindin mahaɗa, ba daga baki ba, aka maimaita wankin ɓangaren. Wankin kulorin mai ƙarfi na ɗan lokaci ne a ko'ina. Idan sababin yana nan, makonni kaɗan ƙwayar ke dawowa.

Abin da aka tsayar

An gyara haɗin tankunan, ruwa yana shiga ɗaya ya ratsa ya fita ta ɗayan. An yi musu rumfa, an naɗe su da bututun rufi da abin hana zafi, an sa sabon murfi da raga. Lokacin da hawa na huɗu yake rufe ana cire tanki ɗaya daga aiki, domin ruwan da aka ajiye bai kamata ya wuce abin da ginin ke sha a yini ɗaya ba. An sa ƙaramin injin ɗiga kulorin bayan tankin ƙasa, ana neman 0.2 zuwa 0.5 a famfo mafi nisa, ana aunawa kullum da safe, da kuma duk lokacin da wayit ta sauke ruwa. Kawunan shawa da shaɗɗaf ana kwance su a wanke duk wata uku, tanki a leƙa shi kafin kowane lokacin cunkoso.

Aiki mafi arha shi ya fi wuyar ɗorewa: zubar da ruwa a ɗakunan da ba kowa, sau biyu a mako. Masu shara ne ke yi, yawancinsu Hausawa. Ana cire kan shawa ko a nutsa shi cikin bokiti don kada ya yi feshi, a buɗe a hankali, a bar shi minti uku ko har zafin ya daidaita, zafi da sanyi duka, a rubuta a littafi. Mai ciwon huhu ko raunin garkuwa ba a ba shi wannan aikin. Wani dattijo cikinsu ya ƙi da farko, ya ce, "Malama, a Makka za mu tsaya muna kallon ruwa yana tafiya a banza? Almubazzaranci ne." Maganarsa tana da tushe, kuma wanda bai gamsu ba zai sa hannu a littafi ne kawai ya wuce. Aka yi masa lissafi: ɗaki 12, famfo uku-uku, minti uku, lita shida a minti, lita 648 ke nan a zagaye ɗaya. Ma'aikaciyar jinyar ta ce, "Baba, ku tara a bokiti ku yi goge-gogen ƙasa da shi, ban da fesawa. Wanda ya rage bai kai kuɗin kwana ɗaya na mutum a ɗakin kulawa ta musamman ba." Shi aka ba riƙon littafin.

An yi muhawara kan ko a dinga zuƙe ruwan hawan gaba ɗaya idan an rufe. Sabbak bai goyi baya ba, kuma yana da gaskiya. Bututu ba ya bushewa duka, ruwa yana maƙalewa a gwiwoyi da bawul, yauƙi ya ci gaba da rayuwa cikin laima. An bar layin a cike ana zubarwa, kuma ba a kwantar da kowa a hawan sai an wanke da kulorin an kuma ga sakamakon shuka, wanda ke nufin fara shiri aƙalla mako uku kafin ranar buɗewa.

Majinyatan biyu sun tashi. Dattijon ya yi kwanaki a ɗakin kulawa ta musamman, matar kuma an tsawaita mata magani zuwa mako uku saboda sitirod. Maɓallan hitoci an ɗauke su daga banɗaki an mayar cikin akwatin wuta mai kwaɗo, saboda sau biyu ana tarar da masu jinya sun kashe. Injin sanyaya ruwan rufi har yanzu yana cikin kasafin da ba a amince da shi ba, famfon sanyi na hawa na huɗu yana kaiwa digiri 33 da azahar duk da rumfar. Saboda haka matatun ɗakunan masu raunin garkuwa suna nan a ɗaure, ana rubuta ranar canji a jikin kowace, wata kwana 31, wata 62, gwargwadon abin da kamfanin ya ƙayyade.